Tsohon Ɗan Tatsine da Mu 'Yan Boko

Akwai wani dattijo mai yankan farce a bakin kasuwar Kalgo wanda yara ba su kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. In ya gifta sai su bi shi da "Tatsine, Tatsine", shi kuwa ko waiwaye ba ya yi. Ba za mu ɓoye ba, mu ma da muke taƙama da jami'a mun sha yin murmushi idan muka ji wannan tsokana. A hutun da ya wuce ne muka zauna gabansa, muka miƙa masa hannu yana gyara mana farce, muka yi ta-maza muka ce, "Baba, wai da gaske ne ka zauna 'Yan Awaki?" Ya daɗe yana wasa askarsa kafin ya ce, "'Ya'yana, fiye da shekara arba'in ana jifana da wannan suna, amma ku ne na farko da kuka tambaye ni abin da na gani a can." Saboda wannan magana muka ɗauki alƙalami, kuma ƙarar da muka kawo gaban jama'a ƙarar kanmu ce.

Ga waɗanda labarin ya shige wa duhu, tun da dai ba a haife mu ba a lokacin: Muhammadu Marwa mutumin ƙasar Kamaru ne da ya zauna Kano yana wa'azi. Yawan tsinuwar da yake yi wa duk wanda bai bi shi ba, cikin karyayyar Hausarsa ta "Allah ta tsine", shi ya ja masa sunan Maitatsine. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi a 1962, ya komo bayan 'yan shekaru, ya kafa sansani a 'Yan Awaki, ya yi ta mamaye maƙwabta har unguwar ta zama ƙasa cikin ƙasa. Ran 18 ga Disamba 1980 mabiyansa suka gwabza da 'yan sanda a filin Shahuci, wutar kuwa ba ta mutu ba sai da aka kira soja a ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya rayuka 4,177. Iyakar abin da muka haddace don jarrabawa ke nan.

Abin da ba ya cikin takardun jarrabawa shi ne abin da dattijon nan ya gaya mana. Ya bar ƙauyensu na ƙasar Gwandu da kakar 1979, gardi ne da allonsa da buzunsa, ya tafi ci-rani kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Sai dai Kanon da ya tarar ba ita ce wadda suka ba shi labari ba. Kuɗin man fetur sun shigo, abinci ya yi tsada, soron da a da ake barin almajiri ya kwana a ciki an sa masa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya kwana a tasha. Da muka tambaye shi wace aya ce ta ja shi zuwa wurin Marwa, sai ya yi dariya ya ce tuwo ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi a bakin hanya, wani gardi ya ɗauke shi ya kai shi can, aka ba shi abinci da tabarma, aka kira shi ɗan'uwa. Wa'azi daga baya ya zo.

Da ya zo kuwa, sai ya faɗa daidai kan gyambon da ke ransa. Aka ce masa mai agogo da mai rediyo da mai keke duk tsinannu ne, mai kwana da kuɗi fiye da bukatarsa ba shi da tawakkali, mai karanta wani littafi ban da Alƙur'ani ya ɓata. Ku dubi dabarar, 'yan'uwa ɗalibai: duk abin da talauci ya riga ya hana yaron nan, sai aka mai da rashinsa ibada. Wanda jiya yake jin kunyar tsummansa, yau an gaya masa shi ne Musulmin kirki kaɗai a birni mai masallatai ɗari bisa ɗari. Wa zai ƙi wannan sarauta? Sa'an nan aka shiga datse igiyoyin da suka haɗa shi da waje, ɗaya bayan ɗaya. Ya daina bin limamin gari salla. Ya daina zuwa gaida mutumin garinsu da ke zaune Fagge. Ba ya fita sai da abokin tafiya, kuma kowa ya san abokin tafiyarsa kunnen Malam ne. In ka yi tambaya an ce shakka kake yi, shakka kuwa a wurinsu kafirci ce.

Ga wurin da muke so mai karatu ya tsaya. Dattijon ya ce zuciyarsa ta bar wurin tun watanni kafin ƙafarsa ta bar shi. Tun ranar da ya ji ana wofintar da hadisi, ana taɓa darajar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san ba wannan aka koya masa a makarantar allo ba. Muka ce, "To Baba, me ya zaunar da kai?" Ya ce, "Ina za ni?" Kullum ana nanata musu cewa wanda ya fita ba shi da kowa: mutanen gari za su miƙa shi ga 'yan sanda, danginsa za su guje shi, ba mai sake ba shi hannu. Sai da harbi ya fara ya sami dama ya sulale da dare. Ya isa gida da ƙyar, ya tarar labari ya riga shi. A sahun salla na kusa da shi ya matsa. In akuya ta ɓata a ƙauye shi ake fara tuhuma. Ya nemi aure gida bayan gida ana ce masa an riga an yi wa yarinya miji, har ya gaji ya bar garin. Ya ce cikin duk abin da aka gaya musu a 'Yan Awaki, wannan kaɗai ya tarar gaskiya ne.

Kaico! Ashe mu ne muke gaskata maƙaryaci. Shugaban irin wannan ƙungiya ba ya bukatar katanga mai tsawo, muddin ya tabbata cewa na waje za su wulakanta duk wanda ya tsallako. Shi ya gina ɗakin, amma mu muke riƙe da sakatar ta baya. Kowace dariya da aka yi wa mai yankan farcen nan saƙo ce ga wani yaro da ke cikin wata ƙungiya yau, wanda zuciyarsa ta riga ta fita, yana auna ko ƙafarsa ta bi ta.

Hukuma kuwa abin da ta iya shi ne ƙidayar gawa da kafa kwamiti. Bayan Kano aka yi Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, aka yi Jimeta a 1984, aka yi Gombe a 1985, duk da tarwatsattun almajiran mutum ɗaya. Ba mu ce dukkansu tuba suke so su yi ba. Amma wanda aka kora daga 'Yan Awaki, garinsu ya ƙi shi, ina zai nufa in ba wurin waɗanda suka san shi ba? A watan Agusta 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Boko Haram a Maiduguri, 'yan sanda suka kwashe dubban mutane daga matsugunin Darul Islam kusa da Mokwa a Jihar Neja, maza da mata da yara, aka tsare su a makaranta, aka watsa su jihohinsu. Mutanen da suka shekara goma sha wani abu suna zaune a keɓe, ga su a hannu, ga bakinsu, ga abin da suka sani game da yadda mutum yake sallama gidansu ya bi amir. An loda su a mota, magana ta ƙare.

Mu 'yan boko muna da namu maganin barci, watau kalmar "jahilci". Da zarar mun furta ta sai hankalinmu ya kwanta, domin ta nuna abin ba zai taɓa mu ba. Ƙarya muke yi wa kanmu. Cikin waɗanda suka bi Muhammad Yusuf a Maiduguri akwai masu digiri da suka yayyage takardunsu. Ƙungiyar Aum Shinrikyo da ta saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, masana kimiyya ne daga manyan jami'o'in Japan suka haɗa mata gubar. Ba sai mun je nesa ba ma. Wani abokinmu na sakandare a ƙasar Gwandu, wanda ya fi mu lissafi nesa ba kusa ba, ya bi wani malami da ba za mu ambata ba, ya shekara biyu ba ya cin abincin gidansu, ba ya amsa sallamarmu. Da Allah ya komo da shi, ya ce mana abin da ya riƙe shi daɗi ne: daɗin samun amsar kowace tambaya a bakin mutum ɗaya, bayan ya gama makaranta ya zauna ba gurbin karatu ba aiki. Duk ɗalibin da ya taɓa zaman gida wata takwas saboda yajin aiki, duk ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata, ya tambayi kansa tsakani da Allah ko ya fi ƙarfin wannan daɗi.

Kada kuma wani ya ɗauka cutar addini ɗaya ce. A Jonestown ta ƙasar Guyana mutum fiye da 900 suka mutu ran 18 ga Nuwamba 1978 bisa umarnin Jim Jones. Watanni kafin haka wata mabiyarsa, Deborah Layton, ta tsere, ta rubuta takardar rantsuwa cewa ana gwada mutane yadda za su kashe kansu gaba ɗaya. Kaɗan ne suka ɗauki maganarta da nauyi. A dajin Shakahola na Kenya an tono gawa fiye da 400 tun daga 2023, na mutanen da fastonsu ya sa su azumin mutuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma in ya fito ya faɗa sai a ce ai mahaukaci ne, in ba haka ba me ya kai shi ciki tun farko.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba mu raina shi ba. Za a ce, waɗanda aka kashe wa iyaye fa? Ana ciyar da tubabbun 'yan Boko Haram a sansanin Malam Sidi na Jihar Gombe, ana koya musu sana'a, alhali waɗanda suka ƙone wa gidaje suna kwana a sansanin gudun hijira. Wannan fushi halal ne, mu ma muna jin sa. Wanda hannunsa ya taɓa jini a kai shi gaban alƙali, a bi wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Amma hukuncin alƙali yana da iyaka, yana da ranar ƙarewa. Namu hukuncin na bakin kasuwa ba shi da shaida, ba shi da ɗaukaka ƙara, kuma bai rarrabe tsakanin wanda ya ɗauki takobi da yaron da ya bi tuwo, ko matar da mijinta ya ja ta ba a nemi shawararta ba.

Abin kunyar ya fi yawa a kanmu mutanen Gwandu, domin mun san hubbaren wanda ke kwance a garin nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafai da dama yana yaƙar ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi ba. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'ar jihadi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Ba a kira shi mai ridda ba, ba a rufe masa ƙofa ba, dalilansa ma ya rubuta su a Tazyinul Waraƙati ana karantawa har yau, kuma shi aka damƙa wa yammacin daula. Ya saɓa wa yayansa a rubuce kan mas'aloli, yayan ya amsa masa a rubuce. Wannan ne ma'aunin da muka gada na bambance jama'ar ilmi da ƙungiyar danniya: shin ana iya tambaya, ana iya fita, ana iya komowa? Mun riƙe hubbaren, mun saki ma'aunin.

Lokacin wasa kuwa ya wuce. Lakurawa sun shigo ƙasar Tangaza da Gudu ta Jihar Sakkwato da sunan kare mutane daga ɓarayin shanu, aka yi musu maraba kamar yadda aka yi wa gardin nan da tuwo, sa'an nan suka koma karɓar dabbobi da sunan zakka, suna bulale samari saboda kiɗa da aski. A Nuwamba 2024 sun kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, nan cikin jiharmu. A Janairu 2025 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Takardar kotu ba za ta gaya wa saurayin Kalgo ko na Gwandu yadda tayin farko yake zuwa ba, da irin muryar da ake yinsa, da ranar da za a fara hana shi gaida uwarsa. Wanda ya taɓa shiga ne kaɗai ya san wannan.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, waɗanda ba su taɓa rasa kuɗin hayar kujeru ba in za a karrama ɗan siyasa, su ware rana ɗaya cikin wannan zango su gayyato irin waɗannan mutane, a ɓoye sunan wanda ya so, su yi magana mu saurara. Muna kira ga limamanmu su faɗa a kan mumbari cewa gori ga wanda ya tuba haramun ne, su kuma ja shi sahun gaba da hannunsu. 'Yan'uwanmu da ke aiki a ofisoshin jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi su san cewa wanda ya tsero yana bukatar wurin kwana da wanda zai raka shi gidan ubansa tun a makon farko, kafin tsofaffin abokansa su zo bikonsa.

Mun tambayi mai yankan farcen ko zai zo in an gayyace shi. Ya ce zai zo, amma a sa shi ranar da ba ta kasuwa ba, kuma a gaya wa mai gabatarwa ya kira shi da sunansa na yanka.