Motar Jaruminka Ba Ta Taɓa Bugawa Ba Ne?

Yau da faɗa na zo, wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

Ku ɗauko littattafan da muke saki a Wattpad da WhatsApp, ku ƙirga motocin da ke ciki. Jarumi ya fito daga Benz, ya shiga Prado, direba ya buɗe masa ƙofa, ƙamshin turarensa ya cika layi. Shafi ɗari uku motar nan ba ta taɓa yin tari ba, ballantana inji ya buga. Alhali mai karatun da ya sayi data ya sauke littafin, wataƙila a ƙofar gidansu akwai tsohuwar Golf mai shan gas da ta shekara a kan duwatsu, kuma yayansa ya rantse shi zai kwance injin da hannunsa don kuɗin gareji sun fi ƙarfinsa. Wannan yayan shi ne jarumin da muka ƙi rubutawa. Ni kuwa na ce labarinsa ya fi na Alhajin Prado tayar da hankali, kuma ƙyamar baƙin mai ce kawai ta hana mu ganin haka.

Injin gas ba shi da filogin da ke ba da wuta kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin ashirin da wani abu na girmanta, ta yi zafin da in nozul ya fesa mai sai ya kama da kansa. A kan wannan dabara Bajamushe Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a 1897, kuma ita Volkswagen ta ɗora wa Golf a 1976. Matsi shi ne ran injin. In ringi ya cinye ko gasket ya ƙone, matsi ya zube, sai mota ta ƙi tashi da safe, ta riƙa shan baƙin mai tana tuƙa hayaƙi.

To ga mutuminmu ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, karonsa na farko ke nan. Ya sauke kan inji, ya zaro fistin huɗu. Tun daga nan jarrabawa ta fara, domin kowane murfin metal sai ya koma mazauninsa, ta fuskar da ya fito. In bai yi musu alama ba, ko ƙanensa ya zo wucewa ya yi ƙwallo da tiren da ya jera su, shi ke nan, ya sayi bugun inji da kuɗinsa. Ya ɗauki kiranshaf ya kai wa masu gogewa, suka rage masa 0.25, dole kuma ya nemo metal mai wannan lambar. Ya tafi kasuwar kayan gyara, a Kano Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, aka ajiye masa ringi iri biyu a kwali iri ɗaya, farashi ya bambanta, mai shago yana kallonsa yana jiran ya ga ko ɗan gari ne. Kuɗin da ke aljihunsa na adashin matarsa ne. Ku gaya mini, wane babi ne a littattafanmu ya kai wannan?

Ban ma zo wurin da ya fi daɗi ba. A wannan injin fistin yakan ɗan leƙo saman bulok da abin da bai kai kaurin farce biyu ba, kuma da wannan leƙowar ake zaɓen kaurin gasket, shi ya sa ake masa tsaga ɗaya, biyu ko uku a gefe. Wanda bai sani ba zai karɓi duk wanda aka miƙo masa. Ƙusoshin kan inji kuma daga tsakiya ake fara ɗaure su ana fita waje, sannu a hankali, zagaye bayan zagaye. Wanda ya bi su a jere da ƙarfin damtse zai lanƙwasa kan, ruwa ya haɗu da mai. Sai bel ɗin taimin, wanda in ya kauce wa alamarsa sosai fistin zai daki bawul tun a juyin farko, aikin wata guda ya tafi a daƙiƙa ɗaya. Ranar tayarwa kuma ga iska a bututun mai, sai an sassauta notin nozul an yi ta murza makulli har mai ya fito, batir yana ja da baya, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Kuma injin gas yana da wani hali mai ban tsoro: in baƙin mai ya sami hanyar shiga ta wurin iska, zai iya kama ci da kansa, ka zare makulli ya ƙi mutuwa, sai dai a toshe masa iska ko a shaƙe shi da giya. Mu da muke kashe jarumai da hatsarin jirgin sama don mu sa mai karatu kuka, ga tashin hankali a bayan ɗakinmu mun tsallake.

Na san amsar da za a ba ni, an sha ba ni ita. Wai adabi na zuciya ne, ƙarfe aikin makanikai ne. Wa ya raba su? Mutumin da hannunsa ke rawa a kan makulli, mahaifinsa yana zaune a kan tabarma yana jiran ya ga ko za a kunyata, ina zuciya ta fi nan bugawa? Kuma waɗanda muke kira iyayen rubutun zube ba su yi wannan girman kan ba. Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne ya zauna da Rupert East suka yi Ikon Allah don su bayyana wa Bahaushe kimiyya da harshensa.

Wasu kuma za su ce Hausa ba ta da kalmomin. Tana da su, mu ne ba mu je inda suke ba. Fistin, ringi, sifana, lagireto, baƙin mai, duk Hausa ce tunda bakin Bahaushe ya tauna su ya daidaita. "Inji ya buga" kuwa ba wani farfesa ne ya ƙirƙiro ta ba, kuma babu mai mota da zai ji ta gabansa bai faɗi ba. Ina roƙon masu son tsarkake harshe su bar mana su haka. In ka zauna a ɗaki ka raɗa wa fistin sabon suna mai kalma biyar, bakanike ba zai gane ba, mai karatu ba zai gane ba, kai ma bayan mako guda sai ka duba littafinka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan yaron da ke kwance inji, a waya yake kallon bidiyon wani Bature ko Ba'indiye, yana tsayarwa yana mayarwa baya, rabin maganar ta wuce shi. Ogan garejin da ya san tsagar gasket da ido rufe yana tsufa, ilminsa a kansa yake, mu masu alƙalami kuma muna can muna siffanta labulen falon Hajiya. Wanda ya san wani littafin Hausa da ya bi gyaran inji daki-daki, ya ajiye mini sunansa a ƙasa, zan saya da kuɗina.

Kafin nan, duk wanda ke da jarumi mai mota a labarin da yake rubutawa yanzu, ya je garejin unguwarsu ranar Asabar da tufafin da ba ya tausayi, ya gaida oga, ya nemi izinin zama, ya tambayi yaran me ake kira kowane ƙarfe. In an kunna nozul ana gwadawa kada ya kai hannu kusa, feshin yana huda fata.