Jami'ar Garwa: A Dafa Tukunya Ɗaya Ta Nuna Kafin A Ɗora Goma

Ranar 5 ga Janairun 2022, kwana huɗu kafin a buɗe gasar cin kofin Afirka da Garwa ta karɓi wasu wasanninta, Shugaba Paul Biya ya sa hannu a dokar kafa sababbin jami'o'i uku: Bertoua, Ebolowa da Garwa. Da su ne jami'o'in gwamnati a Kamaru suka kai 11. Murnar da aka yi a Garwa tana kan hanya, don kuwa an daɗe ana jira. Ngaundare tana da tata tun 1993, Marwa ta samu a 2008, yankin Arewa da ke tsakaninsu ya zauna da rassan da Jami'ar Ngaundare ta buɗe masa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne yadda za a raini jaririyar, a lokacin da aljihun gwamnati da na iyaye duk suka rame. Ra'ayina a fili yake: Jami'ar Garwa ta taƙaita buɗe sababbin sassa, ta zuba ɗan abin da take da shi a fannoni kaɗan har su tsaya da ƙafarsu.

Kamaru ta taɓa bin wannan hanya. A Janairun 1993 aka raba Jami'ar Yawunde, wadda ita kaɗai ce a ƙasar, aka fitar da jami'o'i shida. A shekarar nan ce kuma aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, aka daina biyan ɗalibai kuɗin tallafin karatu, aka ɗora musu kuɗin rajista sefa 50,000. Da Janairun 1994 ta zo, darajar sefa ta faɗi da rabi. Wato an haifi 'ya'ya shida a shekarar da rumbu ya ƙone. Sun rayu, ba a musu, amma duk wanda ya yi karatu a wancan zamani zai ba ka labarin ɗakin lacca da ake rige-rigen wurin zama tun da asuba, da malaman da suka tattara suka bar ƙasar.

Yau ma lissafin bai sauya sosai ba. Ƙasar ta shiga shirin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya a 2017, ta sake shiga wani a 2021. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan ta kai 840 bayan shekara guda. Ga kuɗin da tsaro ke lashewa a yankin Arewa Mai Nisa da yankunan masu magana da Ingilishi. Kuɗin rajista kuwa yana nan a 50,000 ɗinsa kamar yadda aka yanka shekara talatin da suka wuce, alhali farashin siminti da littafi da sinadarin ɗakin gwaji ya ninninka. Ba ina kira a ƙara shi ba ne, Allah ya kiyaye. Manomin auduga da ke da 'ya'ya biyu a jami'a ya san yadda yake haɗa wannan ɗin ma. Ina nuna cewa jami'a ba ta da wata rijiyar da za ta ɗebo kuɗi in ban da ɗan abin da baitulmali ya sako.

To a nan tarkon yake. Idan kowane ɗalibi 50,000 zai kawo, hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi ita ce a yawaita kawuna. Kuma kwas mafi arahar buɗewa shi ne wanda ba ya buƙatar komai sai allo da benci da malami ɗaya mai ƙarfin murya. Sai a wayi gari an jera sunayen sassa a takarda gwanin sha'awa, kowane da shugabansa da ofishinsa da hatiminsa, malamin da zai koyar kuma sai an aro shi daga Ngaundare ko Yawunde, ya zo ya zazzage darasin wata huɗu cikin mako biyu ya hau mota ya koma. Ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa. Takarda dai za ta fito. Amma ƙofar aikin gwamnati da iyayenmu suka saba dogara da ita ta tsuke, har waɗanda suka fito daga manyan makarantun horar da malamai an daina ɗaukarsu kai tsaye kamar da. Ɗan talaka da ya ƙare shekara uku a irin wannan sashe, aka sayar da bijimi saboda shi, ina zai kai takardar?

Abin da Garwa ta fi sauran garuruwa da shi a bayyane yake, ba sai an kira masana daga waje ba. Hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON a nan take. Ga ɗakin gwajin magungunan dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Boklé, inda ake haɗa allurar rigakafin shanu da tumaki. Ga Makarantar Namun Daji ta Garwa da ke horar da ma'aikatan gandun daji na ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci tun 1970. Ga madatsar Lagdo a kan Binuwai, da filayen noman rani a ƙasanta, da rigimar ambaliya da ke tashi tsakaninmu da Najeriya duk lokacin da aka saki ruwa. Waɗannan wurare suna da injuna da ƙwararru da gonakin gwaji waɗanda jami'a ba za ta iya saya ba ko nan da shekara goma. Yarjejeniya ta gaskiya da su, wadda za ta kai ɗalibi cikin masana'antar gurzar auduga ko ɗakin gwaji na watanni, ta fi sabon gini mai fenti amfani.

Tsangayar likitanci kuwa, wadda ta girmi jami'ar kanta, ita ce ya kamata a fara ƙosar da ita. Karatun likita shekara bakwai ne, kuma ba a yin sa da allo kaɗai: sai da gadon asibiti, da manyan likitocin da za su tsaya a kan ɗalibi, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar gwaji. Yana da tsada, na sani. Amma a yankin da mace mai naƙuda ke yin tafiyar sa'o'i a bayan babur kafin ta ga likita, sefa ɗaya da aka sa a nan ta fi goma da aka watsa a sassan ado.

Za a ce mini ai ɗan Garwa ma yana da haƙƙin karanta tarihi ko adabi a gida, ba sai ya biya hayar ɗaki a Dang ba. Gaskiya ne, musamman ga 'yan mata, waɗanda iyaye da yawa ba sa yarda su yi nisa. Shi ya sa ban ce a rufe komai ba. Na ce kada a buɗe sabon sashe, balle digiri na biyu ko na uku, sai an ƙirga malaman dindindin da ke zaune a garin, an ga kuɗin shekara uku a ƙasa. Sannan jami'o'in arewa uku su zauna su raba aiki. Ngaundare ta yi suna a sarrafa kayan abinci da likitancin dabbobi, Marwa tana da horar da malamai da makarantar injiniya. Me zai sa Garwa ta kwafi kowannensu da rabin kayan aiki?

Ma'aikatar ilimi mai zurfi, wadda Jacques Fame Ndongo ke riƙe da ita tun 2004, ta san yadda ake samo kuɗi idan an ga dama. An ciwo bashi daga Sin an raba wa ɗalibai kwamfutoci 500,000, a shirin da ya ci sefa biliyan 75. A ƙarshen 2018 kuma aka ba da umarnin ɗaukar malamai 2,000 masu digiri na uku. Na biyun nan shi ne irin kashe kuɗin da ke barin baya mai kyau, muddin waɗanda aka turo arewa za su zauna a arewa, a kuma biya su kuɗin bincikensu a kan kari, ba sai ƙungiyar SYNES ta kira yajin aiki ba.

Akwai abu guda da ba ya cin ko sisi. Kafin a fara rajistar shekara mai zuwa, hukumar jami'ar ta liƙa a allo, ta kuma sa a intanet: kowane sashe, malamansa na dindindin nawa, na aro nawa, ɗalibai nawa, ɗakin gwaji akwai ko babu. Majalisar yankin Arewa da 'yan majalisar dokoki da ke wakiltar Benuwe, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey su nemi wannan lissafi a rubuce, su kuma karanta wa iyaye shi a rediyo da Fulatanci da Hausa.