Goron Da Ka Binne A Jakar Hajiya

Alhaji, da kai nake. Kai da kake zaga gidajen maniyyata a Tafo da zarar an fara kiran sunayen jirgin farko, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida tsohuwa, ka ce, "Hajiya, ɗan saƙo ne za ki taimaka mini da shi, akwai yaron da zai zo masauki ya karɓa." Ta tambayi abin da ke ciki, ka ce gari ne da yaji da 'yar kuka. Garin kam yana nan. Amma a tsakiyarsa ka binne ƙwarya biyu ta goro, ka naɗe da leda, ka ɗaure tamau, alhali ka san Saudiyya ta hana shiga da goro ƙasarta. Hukumar alhazan Ghana tana faɗa a wajen bita, NAHCON tana faɗa wa na Najeriya, har an gaji da ji. Da ba ka sani ba, ai da a saman kaya za ka ajiye shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke karɓar labarin idan an dawo. A zauna ana shan ataya bayan isha'i, wani ya ce, "Ai wane gwani ne, ƙullinsa ko na'ura ba ta gani." A kwashe da dariya, har da masu furfura. Yara suna gefe suna ji, suna koyon cewa dattijon kirki shi ne wanda ya iya ɓoyo.

A Amurka akwai manyan jiragen ruwa na shaƙatawa da ke tashi daga Miami su yi kwanaki suna yawo a teku. Kamfanin Carnival, alal misali, yana barin kowane baligi ya shiga da kwalbar giyar inabi guda ɗaya tak ranar tashi, sauran barasa kuwa in an gani a ƙwace. Sai wasu fasinjoji su juye barasar a kwalbar maganin kurkure baki, su cusa cikin tufafi. Hujjarsu ita ce kamfanin ya hana ne don ya sayar da tasa da tsada, don haka dokar ta son kai ce, karya ta ba laifi ba ne. Na san za ka ce subhanallahi, ina giya ina goro. Gaskiyarka, goro halal ne, ba wanda ya ce ba haka ba. Sai dai hujjar taka da tasu uwa ɗaya uba ɗaya: dokar ba ta yi mini ba, saboda haka ba ta hau kaina ba. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka, mashayin nan ya fi ka ta fuska guda. A akwatinsa yake ɓoyewa, in an kama tasa kwalbar ake zubarwa. Bai je ya nemo uwar wani ya ɗora mata ba.

Ban raina goro ba, kuma ba zan raina shi a Kumasi ba. Shi ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Fataken Gwanja sun yi ta tako ƙasa daga Kano da Katsina da jakuna, wata da watanni, su sauka a Salaga su sayi goron da ake fitowa da shi daga dajin Tonawa. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa kuma ya watsa Salaga a 1892, kasuwar ta sauya hanya, Hausawa suka yi ta gangarowa kudu, zanguna suka cika. Alhassan Dantata da goron ƙasar nan ya fara kafa dukiyarsa, yana tura shi Legas ta jirgin ruwa. Har gobe ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a Tafo da Aboabo da Asawasi ba a raba goro ba. Abin da ke wartsake mai cin goro kuwa shi ne dai sinadarin da ke cikin gahawar da Larabawa ke sha safe da yamma. Da za a tambaye ni, da na ce a bar wa tsoho ɗan abin da zai tauna na mako huɗu.

To, ba a tambaye ni ba, kai ma ba a tambaye ka ba, ƙasar kuma tasu ce. In dokar ta dame ka da gaske, ƙofofin magana a buɗe suke. Akwai Sarkin Zangon Kumasi, akwai ofishin Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, akwai hukumar alhazai, akwai ofishin jakadancin Saudiyya a Ankara, babban birnin Ghana. Ka taɓa tara 'yan kasuwar goro ku rubuta takarda ko guda? Ba za ka yi ba, kuma na san dalili. Hanin ne ya sa goro ya yi tsada a Makka. Ranar da aka ɗage shi ribarka ta mutu. Kana zagin dokar da baki, aljihunka yana yi mata addu'ar daɗewa. Don haka ka daina fakewa da tsohon da kansa ke ciwo in bai ci goro ba. Tsohon nan biyar yake so, kai ɗari biyu ka ƙulla.

Biza kuma alkawari ce. Ka miƙa fasfo, an buga maka izinin shiga bisa sharaɗin za ka bi dokar masu gida, ka karɓa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawari, malamanmu na fiƙihu kuma sun daɗe da cewa wanda ya shiga ƙasa da aminci ba ya ha'intar waɗanda suka amince masa, ko da ba Musulmi ba ne, balle masu hidimar Harami. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, an sa sharaɗin da ya yi wa sahabbai ɗaci: duk wanda ya gudo daga Makka a mayar da shi. Abu Jandal ya iso da mari a ƙafa, yana neman ceto, Manzon Allah (SAW) ya ba shi haƙuri ya mayar da shi, don magana ta riga ta ƙullu. An riƙe alkawari a kan ran mutum. Kai kana kwance naka a kan daushe.

Za ka ce iyakarta a ƙwace goron a zubar. Wa ya ba ka wannan tabbacin? Ko da ƙwacewar ce kaɗai, ka yi tunanin tsohuwar da ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, an ware ta gefe a filin jirgin Jidda ko Madina, ana zazzage zannuwanta a gaban maza, 'yan jirginsu suna jira cikin gajiya. Daga ranar duk mai fasfon Ghana abin zargi ne. Sannan al'adar karɓar ƙulli ba a buɗe ba, wadda kai kake raya ta, ita ce ƙofar da mai tiramadol ke bi. Hajiya ba ta iya bambance ƙullinka da nasa. A watan Disambar 2018 an kama Zainab Aliyu, ɗaliba daga Kano da ta je Umara, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike a Najeriya ya gano masu hannu, gwamnati kuma ta shiga maganar. Ita da ko taɓa jakar ba ta yi ba ke nan. Yaya wadda ta ɗauko da hannunta ta ce kayanta ne? Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, ta ɗan dakata, ta ci gaba da zartarwa tun Nuwamban 2022.

Hajiya, ke ma ina da magana da ke, cikin ladabi. Kunya ce ke sa ki karɓa, na sani: maƙwabci ne, ya zo sunan jikanki, ya kawo gudunmawa. Amma kujerar 2025 sidi 62,000 aka biya, ta shekarar da ta gabace ta 75,000. Wata shekara goma ta yi tana adashi, wata 'ya'yanta ne suka haɗa daga Jamus da Amurka. Ba a tara wannan kuɗin don ki zama 'yar dakon wani ba. Ki ce masa, "Alhaji, buɗe mu gani." In ya ce ba ki yarda da shi ba ne, ki ce haka aka ce a bita.

Ku kuma malamai masu bita, ku daina faɗin maganar goro kuna murmushi, jama'a suna gane murmushin. Wakilan alhazai da ke kau da kai don mai ƙullin abokin ciniki ne, ku ma kuna ciki. 'Ya'yan da suka biya kujera, aikinku bai ƙare da biya ba. Ku haɗa jakar da hannunku, duk saƙon da aka kawo a kwance shi a tsakar gida gaban mai shi, ku sa kwaɗo, ku raka ta har sansanin alhazai na Ankara ko Tamale. A wajen awo ku gaya mata ta ƙirga jakunkunan da aka rubuta da sunanta, ta adana 'yar takardar shaidar tare da fasfonta har ta dawo.