Ba Kowane Ƙurji Ne Ciwon Sanyi Ba

Akwai wata damuwa da ke cin samari da 'yan mata a ɓoye, har da magidanta, wadda kunya ta hana a yi maganarta a fili. Mutum zai shiga wanka ya lura da wasu 'yan ƙuraje a al'aurarsa waɗanda bai taɓa kula da su ba, daga ranar kuwa barci ya ƙaurace masa. Ɗalibi ya kasa karatu, ma'aikaci ya zauna a ofis hankalinsa na wani wuri, kowa yana ƙissima cewa ya kwashi tunjere ko ciwon sanyi, ko ma abin da ya fi su. Abin takaici shi ne, sau da yawa abin da ya gani ɗin halittar jikinsa ce kawai, alhali kuwa cututtukan da suka cancanci a ji tsoronsu galibi ba su nuna kansu ga ido.

Likitocin fata sun daɗe da sanin irin waɗannan abubuwa. Alal misali, akwai 'yan ƙuraje farare da ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda kan jeru sahu ɗaya ko biyu kewaye da kan mazakuta. Sukan bayyana bayan balaga, an fi ganinsu ga marasa kaciya, ko da yake masu kaciya ma sukan same su. Ba su ciwo, ba su ƙaiƙayi, ba a ɗaukarsu daga kowa, ba a kuma shafa wa kowa. Akwai kuma ɗige-ɗige farare ko masu launin ɗorawa da ake gani a jikin mazakuta, da gaban mace, har ma a leɓen baki. Wani likitan Amurka mai suna John Fordyce shi ne ya yi bayaninsu a 1896, kuma ba wani abu ba ne illa 'yan jakunkunan maiƙon fata da suka fito fili. Yawancin manya suna da su.

Haka nan ga mata. Wasu suna da 'yan tsiro masu laushi a bakin gaba, jere daidai a ɓangarorin biyu, waɗanda ba su da wata illa. Farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi, wanda kan ƙaru tsakanin haila da haila ko lokacin goyon ciki, shi ma aikin jiki ne mai lafiya. Ga kuma ƙurajen aski, ga na zufa lokacin bazara.

To, a kwatanta waɗannan da halin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Tunjere yakan soma ne da gyambo guda ɗaya marar zafi, kimanin mako 3 bayan saduwa, ya kuma warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6. Mai shi sai ya ce Allah ya yaye, bai san cutar ta shiga jini ba. Bayan shekaru tana iya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, mai ciki kuwa tana iya sa ta ɓari ko ta haifi jariri babu rai. Ciwon sanyi kan sa namiji fitar da mugunya da jin zafin fitsari cikin 'yan kwanaki, amma mata da yawa ba su jin komai har sai ya toshe musu hanyar haihuwa. Ƙwayar ƙanjamau ma takan yi shekaru a jiki ba alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an sami sabon kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu masu warkewa, cikinsu har da tunjere da ciwon sanyi, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, watau fiye da miliyan ɗaya kowace rana, kuma mafi yawansu ba su nuna wata alama.

Ashe ke nan tsoron jama'a ya sauka a inda ba nan ba. Mai lafiya yana kwana da fargaba saboda abin da ya gani, mai cuta kuwa yana yawo hankali kwance domin bai ga komai ba.

Wannan jahilci yana da masu cin moriyarsa. Duk wanda ya ratsa tashar mota ko kasuwa ya ji masu tallar magani da amsa-kuwwa, waɗanda a wurinsu ciwon baya sanyi ne, kasala sanyi ce, kowane ƙurji ma sanyi ne. Mai jin kunyar likita sai ya faɗa hannunsu, ko ya je kemis ya sayi kafso ya sha na kwana biyu ya daina. Irin wannan shan magani barkatai yana cikin abubuwan da suka sa ƙwayar ciwon sanyi ta yi taurin kai. Tun a 1976 aka soma gano irin da ba ya jin fenisilin, daga baya kuma ya bijire wa magunguna da dama da suka biyo baya. Wasu kan kai ga ƙanƙare ƙurajen da reza, ko shafa musu abubuwa masu ƙuna, garin neman gira a rasa ido. Mafi muni duka shi ne zargi. Miji ya tuhumi matarsa, ko mata ta tuhumi mijinta, a kan abin da Allah ya halicce shi da shi, har aure ya girgiza babu laifin kowa.

Wani zai ce faɗa wa matasa cewa wasu ƙurajen ba cuta ba ne zai sa su yi sakaci. Wannan magana tana da nauyi, domin wani tsiron da ƙwayar cuta ke haddasawa yakan yi kama da na halitta, har sai gwani ya duba. Amma ai darasin da ke ciki shi ne ido ba ya yanke hukunci, ko na cuta ko na lafiya. Wanda ya ga gyambo, ko ƙuraje masu ruwa da zafi, ko mugunya, ko tsiro mai girma da yaɗuwa, ko kaluluwa a matsematsi, wajibi ne ya tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda kuma ya san ya yi saduwar da yake shakka, ko da fatarsa sumul take, ya je a gwada jininsa da fitsarinsa. In an sami cuta, a yi wa su duka biyu magani, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Ya kamata asibitocin gwamnati da na makarantu su tanadi ɗakin da mutum zai faɗi damuwarsa wani bai ji ba, da ma'aikaciya mace ga matan da suka fi son haka, domin tsoron tonon asiri shi ke kora mutane tasha. Ya kamata gidajen rediyo su riƙa gayyato likitoci su yi wannan bayani da Hausa, hukumar NAFDAC kuma ta ƙara sa ido a kan tallar maganin sanyi. Dubawar da likita zai yi cikin 'yan mintoci ta isa ta sauke wa ɗalibi nauyin da ya yi watanni yana ɗauke da shi, ko ta kama cutar da ke shirin raba wata baiwar Allah da haihuwa tun tana da magani.