Baƙon Yini Ɗaya a Birnin Dabo: Ina Za Mu Kai Shi?

A garuruwan bakin teku na yankin Karibiyan, irin su Nasau ta ƙasar Bahamas, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa kan tsaya da safe su sauke dubban fasinjoji, kafin magariba su kwashe su su ƙara gaba. Mutanen garin sun san baƙonsu na 'yan sa'o'i ne, don haka sun tsara masa inda zai je, da abin da zai ci, da abin da zai saya. Kano ba ta da teku, amma kullum tana da irin wannan baƙo: ɗan kasuwar da ya zo Kantin Kwari daga Yamai ko Njamena, malamin da ya zo taro a Jami'ar Bayero, 'yan bikin da suka kawo amarya, matafiyin da jirginsa sai gobe zai tashi daga filin Malam Aminu Kano. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɓarnatar da yininsa. Mu ɗauke shi a mota, mu nuna masa gadojin sama da manyan kantunan zamani, ya koma gida bai taka cikin birni ba. Alhali yini ɗaya ya isa mutum ya san Kano, in dai mai masaukinsa ya san abin da yake yi.

A fara da sammako. Bayan sallar asuba a nufi Dutsen Dala, tun rana ba ta yi zafi ba, domin daga Maris zuwa Mayu zafin Kano ba ya raga wa baƙo. Daga saman dutsen ne mutum zai fahimci shimfiɗar garin: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga unguwanni a cunkushe da juna. Nan ne mazaunin Barbushe da jama'arsa kafin zuwan Bagauda, kuma daga nan labarin birnin ya faro. A hau tare da ɗan unguwa, kuma kada a hau da dare.

Daga Dala sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Da hantsi ne aikin ke kankama. A bar baƙo ya tsaya bakin karofi ya ga yadda ake haɗa baba da toka, yadda ake tsoma zane a ɗago shi ya sha iska har shuni ya kama, sannan ya leƙa mabuga ya ga yadda ake bugun tufa sai ta yi ƙyalli. Wannan sana'a ce ta kai sunan Kano har bayan Sahara, kuma ita ta burge Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851. Ina roƙon mai masauki abu guda: kada a ɗauki hoto a juya baya. Marinan nan iyali suke ciyarwa, kuma yawancin karofin sun bushe saboda atamfar waje da rinin zamani sun kwashe kasuwa. Ko ɗankwali ɗaya ne, a saya.

Kafin azahar a shiga Gidan Makama, gidan tarihin da ke daura da fada, wanda asalin gininsa ya koma zamanin Muhammadu Rumfa, Sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903. A nemi ma'aikacin gidan ya yi bayani, kada a yi ratse. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, wato fada. Fada gidan mutane ce, ba wurin kallo kawai ba, saboda haka a gaida dogarai, a nemi izini, inda aka ce a tsaya a tsaya. Sai a yi sallah a Babban Masallaci, wanda aka sake gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Batun abinci, kada a mayar da baƙo otal ya ci abin da zai samu a ko'ina. A ba shi gurasa bandashe da tsire, ya kora da fura da nono, a yi masa guzurin kilishin Agadasawa. Ruwan sha dai a tabbata mai tsabta ne, domin cikin baƙo ba irin na ɗan gari ba ne.

Sauran yinin na Kasuwar Kurmi ne, ita ma tun zamanin Rumfa take, kuma a da ita ce matattarar ayarin da ke zuwa daga Agadas da Gadamas da Gwanja. Mota ba ta da amfani a nan, a ajiye ta nesa a shiga da ƙafa. A bi layin masu kayan doki a ga sirdi da linzami da likkafa, a wuce wajen dukawa masu jaka da takalmi da titimi, da masu ƙwarya da tabarma da turare da littattafan addini. A koya wa baƙo ladabin ciniki: a yi sallama, a gaisa, a taya, in an ce albarka a ƙara, in an sallama a biya ba ja da baya. Taya kayan da ba ka da niyyar saya abin kunya ne. A riƙe tsabar kuɗi, domin ba kowane dattijo ke karɓar taransifa ba, kuma waya ta zauna a aljihu a wurin cunkoso.

Akwai abubuwan da ɗan gari ya sani, baƙo bai sani ba. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da masallaci kan toshe tun kafin azahar. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsabtar muhalli da safe, ba zirga-zirga. An hana acaɓa tun 2013, don haka Adaidaita Sahu ce abin hawa, a daidaita kuɗi kafin a shiga. A lokacin hunturu hazo kan jinkirta tashin jirage. Sutura ta zama ta mutunci, ga maza da mata, kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa. Wanda ke son ganin Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa ya tabbatar za a yi kafin ya yanki tikiti, domin a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawa, duk da cewa UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ake tattali a Disambar 2024.

Abin da zai fi ba mai masauki kunya shi ne ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta a ƙarni na 12, amma yau a wurare da yawa shaguna da bola da masu ɗiban ƙasa sun cinye ta. A kai baƙo ɓangaren da ya rage tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya ya gani da idonsa, kada a ɓoye masa.

Kirana ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da masarauta ba mai tsada ba ne. A horar da matasan Dala da Jakara da Ƙofar Mata su zama 'yan jagora masu katin shaida, a kafa alluna da Hausa da Turanci da Faransanci a kowane wuri, a bayyana kuɗin shiga a fili, a gyara banɗaki. Kafin gwamnati ta motsa, mu da muke saukar baƙi mu fara: wanda duk ya sauka a hannunka a makon nan, ka ware masa yini, ka shiga da shi birni da ƙafa.