Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Ina Tukwicin Masana Zaman Jama'a?

Ina neman afuwar wanda wannan magana za ta sosa wa rai, domin ba don cin zarafin kowa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tunzura ni shi ne wani bikin yaye ɗalibai da na halarta a wata jami'a, inda wani yayana ya karɓi digirinsa a fannin ilmin zaman jama'a. A ranar na ga an yafa wa attajirai da 'yan siyasa rigar digirin girmamawa, maroƙa na ta kirari. Can a bayan rumfa kuwa na hangi wani tsohon malami, wanda yayan nawa ya ce ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyuka yana binciken rikicin manoma da makiyaya, yana neman kujerar zama bai samu ba. Da muka koma gida, wani kawunmu ya tambayi yayan nawa abin da ya karanta. Da aka faɗa masa, sai ya yi dariya ya ce, "To, yanzu asibiti za ka buɗe da shi ko gada za ka gina?"

Wannan tambaya ta kawu ita ce tambayar hukuma, ita ce ta iyayenmu, kuma in za mu faɗi gaskiya ita ce ta yawancinmu a nan makaranta. Mun ɗauka likita da injiniya su ne masu aiki, masana zaman jama'a da tattalin arziki da siyasa da labarin ƙasa kuwa surutu kurum suka iya. Ni ina ganin wannan kuskure ne babba, kuma kuskuren da ya riga ya ci rayuka da dukiya a ƙasar nan. Bari in kawo hujja, kada a ce son rai ne.

Mu fara da gona, tun da ita ce uwarmu. Shekara da shekaru malaman gona suna gaya wa manominmu cewa haɗa gero da dawa da wake a gona guda jahilci ne, wai ya riƙa shuka iri ɗaya kamar yadda ake yi a Turai. Sai wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau daga tsakiyar shekarun 1960, suna bin manoma suna rubuta aikin da suka yi da amfanin da suka samu. Sakamakon da ya fito shi ne manomi ne mai gaskiya: haɗa iri ya fi ba shi riba bisa ga wahalar da ya sha a lokacin noma, kuma in ruwa ya yi gardama iri ɗaya ya lalace, ɗaya zai tsira. Watau abin da aka kira jahilci ashe lissafi ne. Haka kuma Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta a 1972, inda ta nuna cewa manoman ƙauye ba duka ɗaya suke ba: akwai wanda talauci kan tilasta masa ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke bukatarsa, don haka ya sake wayar gari cikin talauci baɗi. Duk hukumar da za ta raba taki ko bashin noma ba tare da ta san wannan ba, to masu hali za ta ƙara wa, ta bar mabukata.

In kuwa ana son a ga abin da rashin sauraren irin waɗannan masana ke haifarwa, sai a tuna Bakolori. An gama gina madatsar ruwan nan a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978. Injiniyoyi sun auna ƙasa, sun auna ruwa, sun zuba kankare, aikinsu ya tsaya. Abin da ba a auna da kyau ba shi ne mutane: wa ke da wace gona, wa za a biya diyya, ina waɗanda aka tasa za su koma, me zai sami masu noman fadama a ƙasan madatsar in ambaliyar da suka dogara da ita ta ragu. Manoma suka tashi neman hakkinsu suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka kashe mutane da yawa aka ƙona gidaje. Tambayoyin da aka tsallake ɗin nan su ne ainihin sana'ar masanin zaman jama'a. Da an biya shi ya yi su tun farko, kuɗin da za a kashe bai kai na buhunan sumunti kaɗan ba in an gwada da kuɗin aikin.

Ga kuma wani misali wanda da yawanmu muna yara ko ba a haife mu ba lokacin da ya faru. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, saboda jita-jitar cewa an sa wani abu a cikin maganin. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har daga baya ta kai Yaman da Indunisiya. Maganin yana nan, likitoci suna nan, amma iyaye sun rufe ƙofa. Su wa suka zauna da mutane suka gano dalili? Irin su Maryam Yahya, wadda ta wallafa bincikenta a 2007, da Elisha Renne wadda ta yi nata a Zariya ta fitar da littafi a 2010. Sun nuna cewa ruwa ba ya tsami banza. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kuma suna tambaya: yaya asibiti babu maganin zazzaɓi sai ka saya, amma wannan ɗigon ana bin ka da shi har gida kyauta? Sai da aka koma ga sarakuna da malamai, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi, aka riƙa haɗa rigakafin da wasu abubuwan da jama'a ke bukata, sannan al'amari ya miƙe, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. An yaba wa likitoci da masu ba da kuɗi, kuma sun cancanta. Amma wa ya tuna da waɗanda suka gano inda ƙullin yake?

Da a ce mantuwa ce kaɗai sakamakonsu, da da sauƙi. Sau da yawa tukwicin da suka samu duka ne. Dokta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero kuma mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, kashe shi aka yi a gidansa a tarzomar Kano ta ranar 10 ga Yulin 1981. Dokta Patrick Wilmot, malamin ilmin zaman jama'a a Jami'ar Ahmadu Bello, gwamnatin soja ta kama shi ta fitar da shi daga ƙasar a 1988. Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya fitar da littafi a 1987 yana gargaɗi a kan yadda masu neman mulki da dukiya ke fakewa da addini suna haɗa talakawa faɗa, ya sha tsangwama har ya koma ga Mahaliccinsa a 2005. Mai karatu ya dubi abin da ya auku a garuruwanmu tun daga lokacin, ya yanke hukunci da kansa ko gargaɗin nan surutu ne.

Na san za a ce ai ana karrama su. Gaskiya ne lambar yabo ta ƙasa ta masana, wadda aka kafa a 1979, ta kai ga Farfesa Akin Mabogunje masanin labarin ƙasa da tsarin birane, ta kuma kai ga Farfesa Claude Ake masanin siyasa. Amma mutum nawa ne ke nan? Kamfanin iskar gas na ƙasa ya fara ba da babbar kyauta ta kimiyya da ta adabi tun 2004, ban kuma ga laifin haka ba, sai dai ina ta mai binciken almajiranci, ko mutuwar aure, ko shaye-shayen samari, ko satar shanu? A waje kuwa, an ba Amartya Sen kyautar Nobel a 1998, shi da ya nuna cewa yunwa kan kashe mutane ko da abinci na nan a kasuwa, in ba su da abin saye. An ba Elinor Ostrom a 2009 saboda ta nuna cewa jama'a kan iya tsara wa kansu dokar kiwo da ruwa da daji su kiyaye ta. Duk wanda ya san aikin sarkin ruwa da burtali a ƙasar Hausa ya san wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu.

Za a kuma ce da dama daga cikin sunayen da na ambata na Turawa ne, kuma wasu masu irin wannan ilmi a da 'yan mulkin mallaka suka yi wa aiki. Ban musa ba. Shi kansa Claude Ake ya rubuta littafi a 1979 yana sukar yadda ake shigo mana da wannan ilmi da ma'aunin wasu. Amma maganin wannan shi ne mu raini namu masanan mu ɗaukaka su. Yaron da ya ga an hana tsohon malami kujera an ba ɗan kwangila riga, wane darasi ya ɗauka?

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamanmu na waɗannan fannoni su ma suna da nasu laifin, kuma ina faɗa da ladabi. A bakin talaka suke ɗebo ilmin da Hausa, su rubuta shi da Turanci mai tsauri, su ajiye a ɗakin karatu ƙura ta rufe. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a Ingila a 1954, duniya ta san zaman matan Hausawa ta bakinta. Mata nawa ne a Karo suka san da shi? Yaya kawuna zai girmama aikin da bai taɓa jin amfaninsa da harshen da yake ji ba? In ana maganar karramawa, to a haɗa har da irin su Baba, da tafintoci, da yaran da suka yi ta yawo da takardun tambayoyi a rana.

Saboda haka ga shawarata. Na ɗaya, jami'o'inmu su ware kyauta ta shekara-shekara ga binciken zaman jama'a da ya warware wata matsala ta zahiri, a kuma bayar da ita a gaban jama'a ranar yaye ɗalibai. Na biyu, hukuma ta daina kiran waɗannan masana bayan ɓarna ta auku don su zauna a kwamitin bincike. A kira su kafin a aza tubali, a kuma yi aiki da abin da suka faɗa, domin babu karramawar da ta fi wa mai ilmi a saurare shi. Na uku, kuma wannan namu ne mu 'yan ƙungiyar Hausa: mu je sassan nan da ke maƙwabtaka da mu, mu roƙi malamai su ba mu bincikensu, mu taƙaita shi da Hausa, mu buga a wannan mujalla, mu kai gidajen rediyo. Mu kuma gayyaci tsofaffinsu su yi mana lacca tun suna da rai, maimakon mu jira ranar ta'aziyya mu yi ta jero kyawawan halayensu.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Wanda bai yarda da abin da na faɗa ba, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya kawo tasa hujjar a fitowa ta gaba, zan karanta da zuciya ɗaya. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ba mu ikon sanin darajar waɗanda suka rage. Wassalam.