Daga Bagega zuwa zauren unguwarmu

A zauren WhatsApp na unguwarmu mun haura mutum ɗari biyu. Da safe gaishe-gaishe, ranar Juma'a addu'o'i, da dare kuma musun siyasa har kusan ƙarfe ɗaya. Rijiyar burtsatsen da ke bakin masallaci ta yi wata biyar ba ta kawo ruwa, mata na jiran 'yan ga-ruwa kafin su ɗora tukunya, amma babu wanda ya taɓa tambaya a zauren: wa ya ba da kwangilar rijiyar nan, nawa aka kashe, gyaranta haƙƙin wa ne? Ni ma ban tambaya ba, kuma abin yana ci mini rai. Shi ya sa na tuna da Bagega.

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar Na Gari Na Kowa suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Masu haƙar zinare kan kawo duwatsun gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta baje a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci kuma ba su iya fara ba yaranta magani ba, domin yaron da aka cire wa guba ya koma cikin gurɓatacciyar ƙasa, an yi aikin baban giwa. Dole sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. Zuwa watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta riga ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin magance matsalar gubar. Wata ya bi wata, shiru.

Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka tashi takanas suka je Bagega. Suka zauna da iyaye, suka ɗauki hotuna da bidiyo, suka dawo suka cika Twitter da Facebook da maudu'in #SaveBagega. Ƙungiyar Human Rights Watch ma ta sa jama'a suka yi ta rubutu a shafin Facebook na shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan. Tambayar guda ce tak: ina kuɗin da aka yi alkawari? A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka tsabtace garin, aka fara yi wa yara magani. Wannan yunƙuri shi ne tushen shirin Follow The Money da ke bibiyar kuɗin gwamnati har yau.

Na daɗe ina nazarin abin da ya sa wannan kira ya yi tasiri alhali dubban koke-kokenmu na kullum suna bin iska. Matasan nan sun riƙe sunan gari, sun riƙe adadin kuɗi, sun san watan da aka yi alkawari da ofishin da kuɗin ya maƙale. Kuma ƙafarsu ta taka wurin. Jami'in da aka ce wa "gwamnati ta gaza" zai ɗaga kafaɗa ya wuce. Wanda aka ce wa "miliyan kaza, a gari kaza, tun wata kaza" sai ya nemi amsa, domin gobe ɗan jarida zai maimaita masa tambayar a gaban makirufo. A nan Arewa ma, inda dattijo da uwar gida suka fi riƙe rediyo, maganar da ta taso a waya takan yi nauyi ne ranar da ta shiga shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio.

Mun fi matasan 2012 kayan aiki nesa ba kusa ba. Kasafin kuɗin tarayya yana intanet, da ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa ke sakawa, kowanne da adadinsa da hukumar da aka ɗora wa. Ƙungiyar BudgIT ta buɗe Tracka tun 2014 domin mutum ya duba aikin da aka rubuta wa garinsu, ya je ya gani da ido, ya turo hoto. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar ɗan ƙasa. Kason da kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ke samu ana wallafa shi wata-wata, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. Mutum nawa ne a zaurenmu ya san kason ƙaramar hukumarmu na watan jiya?

Na san abin da za a ce mini. Data da tsada, mutane na fama da abin sawa a bakin salati, kuma mai tambaya yana iya haɗuwa da sojojin baka da ake saya wa data domin su zagi duk wanda ya taɓa maigidansu. Haka ne. Amma datar da muke ƙonawa a musun dare ɗaya ta isa a sauke takardar kasafi. Zagi kuwa yana samun gindin zama ne idan mutum ɗaya ya fito. Takardar da mai unguwa da liman da mutum hamsin suka sa wa hannu ba ta zaguwa da sauƙi.

Jiya da daddare na rubuta a zauren cewa ina neman mutum uku: wanda zai ɗauki hoton rijiyar da allon da ke jikinta, wanda zai binciko sunanta a kasafi, da wanda zai raka ni wurin kansila ranar Litinin. Wani malamin firamare da wata mai sayar da atamfa sun amsa. Saura mutum ɗaya.